An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Nazarin Ciwon Ƙafar Wani Mahauci a Agege

Kawuna mahauci ne, ƙanen mahaifiyata, shekarunsa 58. Ya baro Gusau yana saurayi ya sauka a Zangon Agege, inda Hausawa suka daɗe da kafa gida tun zamanin fataucin goro, kuma yau sama da shekara 30 ke nan sana'arsa ɗaya ce: kayan ciki. Kullum kafin gari ya waye yana mayankar Oko-Oba, ya sayi hanta da ƙoda da huhu da tumbi da hanji na shanun da aka yanka, yaransa su wanke, a rarraba wa masu buka da masu farfesu daga Agege har Ogba da Ikeja. Ni ne mai riƙe masa littafin bashi tun da na gama makaranta. Da izininsa na rubuta wannan, bisa sharaɗin kada in ambaci sunansa, domin a cewarsa masu bin sa kuɗi za su ɗauka ya kusa tafiya su taso masa gaba ɗaya.

Ciwon ya fara ne shekara 4 da suka wuce, kwana 2 bayan Babbar Sallah. Ya kwanta lafiya lau, can cikin dare ya farka da zugi a gindin babban yatsan ƙafar dama. Kafin asuba wurin ya kumbura, ya yi sheƙi, ya ɗauki zafi kamar an ɗora masa garwashi. Hajiya, matarsa, ta ce ko mayafi ne ya gogi yatsan sai ya yi salati da ƙarfi. Ba ƙaya, ba targaɗe, ba cizon komai. Nan take unguwa ta yanke hukunci cewa wani abu ya taka a kasuwa, binne masa aka yi. Aka yi tofi, aka yi shafe-shafe, bayan kwana 10 ciwon ya sauka, kowa ya ce magani ya ci. Wata 8 shiru. Daga nan ya dawo, tazarar kuma ta dinga raguwa, har ya zama duk wata 2 ko 3 sai ya kwanta, yau yatsa, gobe idon sawu. Sunan ciwon ma ya sauya a bakin mutane, daga sammu ya koma sanyin ƙashi.

Akwai damuwa ta biyu da ta girme wa ciwon ƙafar, amma Kawu bai taɓa lissafa ta cikin cuta ba don ya saba da ita. Kusan kullum da safe cikinsa yakan kumbura, ya yi ta ƙugi, iska ta cika shi, wani lokaci har da gudawa. Wanda ya san mayanka ya san ba wurin da mutum zai so ciki ya matsa masa ba ne. Da ƙafa ta shigo, sai ya haɗa biyun ya mai da su abu ɗaya. Sanyi ne ya shiga jikinsa, yana taɓa ciki yana taɓa ƙashi.

Abin da aka hana shi

Da zarar an ce sanyi, kowa ya zama likita. A bakin masallaci aka ce ya bar nono, don nono uwar sanyi ce. Wani abokin sana'arsa ya ce wake ne. Wata 'yar uwar Hajiya ta bugo waya daga Kano ta ce ƙwai da kuɓewa, duk abin da ke da yauƙi yana sauka a gaɓa. Wani ya gani a WhatsApp cewa tumatur ne ke kawo kumburi. Kawu mutum ne mai jin magana in ciwo ya matsa, duk ya bari.

Furar da yake sha kullum da azahar a wurin matan Fulani, fura da kindirmo, ita ce ta fara tafiya. Zafin Ikko kuwa ba ya barin mutum da busasshen maƙogwaro, sai ya maye gurbinta da molt da lemon kwalba, 2 ko 3 a rana, yana ganin ai molt abin gina jiki ne. Da aka cire wake da alale da ƙosai daga gidan, sai farfesun kayan ciki, wanda dā ma ba ya yankewa, ya zama shi ne babban abin ci na dare. Abu ɗaya da bai taɓa ba shi ne shayinsa na asuba a teburin mai shayi, mai kauri, gwangwanin madara guda a kofi ɗaya. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai wannan ma madara ce." Ya ce, "Kai yaro, shayi ai da zafinsa ake sha, ina sanyi a nan?"

In ciwo ya tashi kuma sai kemis. A ɗauro masa haɗi a leda, ƙwayoyi 4 ko 5 ba suna ba kwali, wani lokaci a ƙara da allura. Daikulofenak, maganin kashe zafin ciwo, shi kaɗai na iya ganewa a ciki. Yana samun sauƙi, gaskiya, shi ya sa ya dinga komawa, har ya zama ko ciwo bai tashi ba yana sha don kada ya tashi. Wata maƙwabciya Bayarabiya ta kawo masa agbo, maganin gargajiyar Yarabawa, a gora, shi ma ya sha.

Abin da ya kai mu asibiti ba zafin ciwo ba ne, lissafi ne. Gwiwa ta kama shi ya yi mako 3 bai leƙa mayanka ba, yara suka yi yadda suka ga dama da kaya, masu buka 2 suka koma wurin wani. Na buɗe littafi na ƙirga masa kwanakin da ya yi a kwance cikin shekara guda, suka haura 60. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce gobe mu je.

A gaban likita

Likitar Bayarabiya ce, ni na yi tafinta. Tambayoyinta kaɗan ne: wace gaɓa ce ta fara, da wane lokaci yake tashi, kwana nawa yake yi, yana shan maganin hawan jini, mene ne sana'arsa. Da na ce kayan ciki yake sayarwa sai ta ajiye biro ta ce in tambayi Baba, sayarwa kawai yake yi ko yana ci. Kawu ya ce, "Faɗa mata mai sayar da zuma ba ya rasa lasar yatsa." Ta duba gwiwar hannunsa ta sami wani ɗan ƙullutu mai tauri wanda ba mu taɓa kulawa da shi ba. Ta ce abin da take zato shi ne gawut.

Ga yadda ta bayyana, da abin da na ƙara fahimta daga baya. A cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum da na dabba akwai wani sinadari da ake kira fiyurin. In jiki ya gama da shi sai ya mai da shi yurik asid, ƙoda ta fitar da kusan kashi 2 cikin 3 ta fitsari, ragowar ta bi hanji. In abin da ake samarwa ya fi wanda ake fitarwa, sai ya taru a jini. Da ya wuce wajen miligiram 6.8 a kowace desilita, jini ba ya iya riƙe shi a narke, kamar gishirin da ya yi wa ruwa yawa, sai ya fara daskarewa ya zama 'yan tsinke-tsinke masu kaifi a cikin gaɓa. Ya fi son wurin da ya fi sanyi a jiki, shi ya sa babban yatsan ƙafa ke yawan zama na farko, kuma da dare. Ranar da garkuwar jiki ta farga da tsinken ta kai musu hari, ranar ce mutum ke kwana yana salati. Ciwon yakan sauka da kansa cikin mako 1 zuwa 2 ko ba a sha komai ba, wanda ke nufin duk wanda ya ba da magani a rana ta 7 shi ke kwashe yabo. Ƙullutun gwiwar hannu kuwa tarin wannan gishiri ne na shekaru.

Da na gaya wa Kawu cewa a Turai ciwon sarakuna ake ce masa, don masu nama da giya a wadace ya fi kamawa a zamanin dā, sai ya ce shi ko Sarkin Fawa bai samu ba, ciwon kaɗai aka ba shi.

Ta sa muka jira mako 2 bayan gwiwar ta lafa kafin awon jini, domin a tsakiyar tashin ciwo awon yakan iya nuna ƙasa da gaskiya. Sakamako ya fito 9.1. Awon ƙoda ya nuna ta fara rauni, ba mai tsanani ba, amma ya isa likita ta ɗaure fuska a kan daikulofenak, wanda yawan shansa ke cutar da ƙoda da tumbin mutum. Ƙodar da ta raunana kuma ba ta fitar da yurik asid yadda ya kamata, ka ga maganin ciwon yana ƙara wa ciwon ƙarfi ta bayan gida. Sai abu na uku da ba mu zata ba. Maganin hawan jinin da yake sha shekara 6, irin mai sa fitsari ne, dangin tayazaid, kuma an san wannan rukuni da ɗaga yurik asid. Ta canza masa zuwa losatan, wanda shi yana ɗan taimaka wa ƙoda wajen fitar da shi.

Ta so ta ɗora shi a kan alofurinol, maganin sauke yurik asid, nan take. Da Kawu ya ji cewa magani ne na kullum, mai yiwuwa har ƙarshen rayuwa, sai ya tubure. Ya ce tunda abinci ne ya kawo, a bar shi ya gyara da abinci. Ta ce abinci yana da hannu amma ba shi ne duka ba, don mafi yawan fiyurin jiki ne da kansa ke samar da shi, kuma matsalar yawancin masu gawut tana wajen fitarwa ne. Bai yarda ba. Suka daidaita a kan wata 3, da sharaɗi biyu: ba kemis, kuma a rubuta duk abin da ya shiga bakinsa da duk abin da jikinsa ya yi.

Littafin bashin ciki

Haka Kawu ya raɗa masa suna. Littafi ne mai layi irin na 'yan makaranta, shafi ɗaya rana ɗaya. A hagu abin da ya ci da lokacin, a dama ciki da gaɓa, kowanne da gurbinsa daban. Raba su ɗin nan shi ne abu mafi amfani da muka yi, kuma ba dabarata ba ce, likita ce ta ce ciwon cikin nan ba ta ga alamar yana da dangantaka da ƙafar ba.

Makon farko ɓata takarda kawai na yi. In na tambaye shi da yamma sai ya ce, "Yau ban ci komai ba sai shayi da ɗan tuwo." Ba ƙarya yake yi ba. A wurin mahauci, gasasshiyar hantar da aka miƙo masa a tsaye a mayanka ba abinci ba ce, ɗanɗano ne. Molt ba abinci ba ne, ruwa ne. Sai na koma tambayar mutum 3: Hajiya a kan abin gida, babban yaronsa a kan abin kasuwa, mai shayi a kan na asuba. Da aka haɗa bakin ukun sai ga wani Kawu daban a takarda, mai cin kayan ciki sau 2 a rana kwana 6 a mako, mai shan abin zaƙi na kwalba kusan 15 a mako, wanda da ƙyar yake shan ledar ruwa 2 daga asuba zuwa la'asar don gudun neman makewayi.

Cikin ya fi sauƙin kamawa, saboda kullum yake magana. Shayi da ƙarfe 5, ƙugi tsakanin 6 da 7. Ran Lahadi da ba ya fita da wuri, Hajiya ke dafa masa shayi da ɗan cokalin madarar gari, ciki shiru. Muka cire madara daga shayin asuba na mako 2, komai kuma aka bar shi yadda yake. Mai shayi ya ji haushi kamar an zage shi. Kwana 3 ciki ya kwanta. Bayan mako 2 muka mayar da gwangwanin da gangan, safiya ɗaya, don a tabbatar. Kafin ƙarfe 7 ya bugo min waya daga mayanka yana faɗa, wai na sa shi a uku da ilimina.

Abin da ke faruwa shi ne, madara tana da nata sukari, laktos, kuma sai da wani sinadari na ƙaramin hanji mai suna laktes ake narkar da shi. Jariri yana da shi a wadace, amma a jikin yawancin mutanen duniya, wajen kashi 2 cikin 3, yana raguwa bayan yaye. Sukarin da bai narke ba yana wucewa babban hanji, ya jawo ruwa, ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su ci shi su saki iska. Daga minti 30 zuwa awa 2 sai kumburi da ƙugi da gudawa. Wannan ba irin borin jinin da ke sa ƙaiƙayi da kumburin fuska ba ne, ba ya lalata hanji, kuma ba ya kumbura gaɓa. A nan Najeriya ma an auna abin tun farkon shekarun 1970, aka ga yawancin Fulani makiyaya suna riƙe da laktes har tsufa, yayin da kusan duk manyan Yarabawa da aka gwada ba su da shi sosai. Kawu ya ce to shi da kakarsa Bafulatana ce fa? Na ce da alama gadon shanu da na ciki duk sun wuce shi.

Mafi yawan masu wannan matsala suna iya ɗaukar wajen giram 12 na laktos a zama ɗaya, kimanin kofi guda na madarar da aka tatso, musamman in da abinci a ciki. Madarar gwangwani kuwa an ƙafe fiye da rabin ruwanta, sukarinta ya kusa ninka na ɗanyar madara, ga shi gwangwani guda yake juyewa a cikin da babu komai. Kindirmo labarinsa daban. Ƙwayoyin da ke sa shi tsami sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, kuma suna ci gaba da taimakawa a cikin hanji. Muka gwada ludayi 2 bayan abincin rana, shiru. Muka kai rabin kwano da fura, shiru. Ashe nonon da ya yi shekara 2 yana gudu bai taɓa yi masa komai ba, madarar da ya riƙe ce mai laifin.

Ɓacin raina a nan ya fi yawa, don barin nonon ba asarar daɗi kaɗai ba ce. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka buga a 2004, ya bi maza 47,150 tsawon shekara 12. Waɗanda suka fi cin nama da abincin teku sun fi kamuwa da gawut, waɗanda suka fi shan madara da danginta, musamman marasa maiƙo da yawa, sun fi tsira, wake da ganyaye kuwa, duk da suna da fiyurin, ba su ƙara haɗarin ba. Daga mutanen nan dai aka sake fitar da wani sakamako a 2008: mai shan lemon zaƙi 2 ko fiye a rana haɗarinsa ya fi na wanda kusan ba ya sha da kashi 85 cikin 100. Dalili shi ne furuktos, rabin abin da ke cikin sukarin da muke sha, wanda in hanta tana sarrafa shi take ƙara samar da yurik asid. Wato shawarar bakin masallaci ta cire masa abin da ke kare shi, ta miƙa masa kwalba. Wake da ƙwai da kuɓewa duk muka dawo da su ɗaya bayan ɗaya, mako guda tsakani, ba abin da ya motsa. Tumatur akwai masu gawut da ke cewa yana tayar musu, amma a littafin Kawu ba mu ga sawunsa ba, ya koma miya.

Ana cikin haka wani ya turo min tallan awon jini da wai zai lissafa wa mutum duk abincin da jikinsa ba ya so, sama da iri 100 a takarda ɗaya. Na nuna wa likita. Ta ce abin da irin wannan awo ke aunawa alama ce kawai ta cewa mutum yana cin abincin, shi ya sa yakan fito da abin da ka fi ci, kuma ƙungiyoyin likitocin wannan fanni ba su yarda da shi ba. Littafinmu na 'yan makaranta ya fi shi.

Gaɓa ta fi ciki wuyar bi, don ba kullum take magana ba, kuma abin da ya tayar da ita yakan kasance na jiya ko shekaranjiya. Cikin wata 3 sau 2 ta tashi. Na farko ya biyo bayan walimar aure a Idi-Araba inda ya ci farfesun ƙoda ya kora da lemo. Na biyu ya zo bayan kwana 2 da ruwan sama ya hana masu buka fitowa, kaya suka yi kwantai, aka kai gida. Sau 2 ba hujja ba ce mai ƙarfi, na sani, amma ta zo daidai da abin da aka riga aka sani: hanta da ƙoda da saifa suna sahun gaba wajen fiyurin, tare da kifin gwangwani da jatan lande.

Kwantan nan shi ne ainihin matsalar, kuma ba ta likita ba ce. Kayan ciki ba sa kwana. Wutar unguwarmu ba abin dogaro ba ce balle a ce firji zai riƙe, saboda haka shekara 30 dokar gidan ita ce abin da bai sayu ba tukunya ce makomarsa. Da na ce a daina, Hajiya ta dube ni ta ce, "To ɗana, zubarwa za a yi? Kuɗi ne fa." Ta kawo dabara cewa Alhaji ya sha romo kawai ya bar tsokar. Wannan ma ba ta ɓulle ba, don fiyurin yana narkewa a ruwan dahuwa, romon ma ɗauke yake da shi. Daga ƙarshe aka shirya da wani mai balangu a bakin titi, duk abin da ya rage bayan la'asar ya ɗauka a farashin sari ko ƙasa da haka. Ana asara kaɗan kusan kullum, ni nake rubuta ta, kuma ba ta kai ko kusa da asarar kwana 60 a kwance ba.

Nama bai fita daga abincinsa ba. Ba wanda zai hana mahauci nama ya zauna lafiya, kuma likita ba ta nemi haka ba. Tsoka ce daidai tafin hannunsa, sau ɗaya a rana, wasu ranakun kaza ko ƙwai ko wake ko awara. Ba mu sayi sikeli ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, balle idon mahauci. Kwalba ta koma ta ranar biki. Zoɓon Hajiya aka rage masa sukari. Ruwa kuma yaronsa ke bin sa da shi.

Abin da abinci ya iya, da inda ya tsaya

Bayan wata 3 ciki ya warke sarai, ya rage kilo 4, wandonsa ya fara zamewa. Awon jini ya fito 8.2. Kawu ya yi tsammanin 5. Duk wannan wahala, da canjin maganin hawan jini a ciki, ƙasa da maki ɗaya. Likita ba ta yi mamaki ba, ta ce abin da gyaran abinci ke iya saukewa ke nan a wurin yawancin mutane, wajen maki ɗaya, kuma abin da ake nema shi ne ƙasa da 6, don a nan ne tsohon gishirin da ya taru ke fara narkewa. A mota muna dawowa bai ce uffan ba har muka wuce Pen Cinema. Sannan ya ce in karɓo maganin.

Alofurinol yana toshe sinadarin da ke ƙera yurik asid ne a jiki. Da kaɗan ake farawa, ana ƙarawa sannu a hankali bisa awon jini, musamman ga mai raunin ƙoda. Ta gargaɗe mu cewa in ƙuraje suka feso a fata ko baki ya yi gyambo, a tsaya a zo asibiti ranar, don wannan ba abin wasa ba ne. Ta kuma ce a watannin farko ciwon yakan iya tashi saboda tsohon tari yana motsi, ta haɗa masa da ƙaramin kolcisin na kariya. Na fassara masa wannan, amma ina ganin ban jaddada ba yadda ya kamata, kuma laifina ne.

Kolcisin ya sa shi gudawa. Kawu ya ɗauka nono ne ya dawo da halinsa, ya bar fura ba tare da ya gaya min ba. Da gudawar ba ta tsaya ba sai ya bar kolcisin ɗin ma. Mako 2 bayan haka idon sawu ya kumbura, ya ce ga shi nan, maganin asibiti ya ƙara masa ciwo, ya ajiye alofurinol ya aika kemis. Sai da Hajiya ta kira ni a ɓoye. Littafin ne ya raba gardama, domin na nuna masa mako 7 da ya yi yana shan kindirmo lafiya, da ranar da gudawa ta fara, kwana 2 bayan ƙwayar farko ta kolcisin. Likita ta rage masa adadinsa, ciki ya daidaita, aka sake ɗora alofurinol daga farko. Sau 3 aka ƙara shi cikin wata 5 kafin awo ya nuna 5.7.

Azumi ya zo da nasa tsoron, saboda ƙarancin ruwa a jiki yana ɗaga yurik asid. Aka mayar da magani bayan buɗa-baki, aka rarraba shan ruwa daga magariba zuwa sahur maimakon a tuttula a lokaci ɗaya, sahur kuma fura da kindirmo. Ya kai 30 ba tare da ya kwanta ba. Yanzu wata 11 ke nan rabonsa da tashin ciwo. Ƙullutun gwiwar hannu ya ragu amma yana nan. Awon ƙoda bai ƙara lalacewa ba, bai kuma dawo yadda yake dā ba, ana duba shi duk wata 6. Har yau in mutane suka tambaye shi abin da ya warkar da shi, barin madarar shayi yake cewa, ba ya ambaton ƙwayar da yake haɗiya kowace safiya, kuma na gaji da gyara masa.

Babbar Sallar da ta wuce mun yi ja-in-ja tun ana saura mako guda. Ya ce a duniya ba wanda zai hana shi hantar ragon layyarsa, da ita ake buɗe baki tun yana yaro a Gusau. Na kai maganar gaban likita, ta ce tunda awo yana ƙasa da 6 kuma yana shan magani, Baba ya ci ɗan yanki, kada ya mai da shi na kwana 3. Da kansa ya yanka, faɗin yatsa 2, ya gasa, ya ci a tsaye a tsakar gida. Ƙodar da saifar Hajiya ta zuba a kwano ta aika wa maƙwabta tun kafin ya waiwayo. Ya ce in rubuta a littafi, na rubuta. Gurbin gaɓa na wannan makon babu komai a ciki, amma a shafin rana ta 3 akwai molt guda da yaronsa ya ce ya gan shi da ita a bayan masallaci, shi kuma har yanzu yana cewa ta baƙo ce ya riƙe masa.